Kati Bakwai a Bakin Zani

Shekara tara ke nan ina aiki a gidan wasan yara da ke saman bene a wani rukunin shaguna, a hanyar da ake bi in za a Rayfield. Daga Gangare nake zuwa a keke mai ƙafa uku kullum, ban da Litinin. Da shara aka ɗauke ni. Ban yi wata biyu ba mai wurin, wani Bayerabe da kowa ke ce wa oga, ya lura cewa in yaro yana tsalle a kan kujera na ɗaga kai na kalle shi, sai ya sauko ban ce uffan ba. Sai ya karɓe tsintsiyar ya zaunar da ni a teburin kwabbai.

Kwabban ba kuɗi ba ne, wasu ƙarafa ne masu ruwan tagulla kamar tsohon kwabo. Yaro ya kawo kuɗinsa, in zuba masa kwabbai a tafin hannu, ya je ya jefa a bakin inji, injin ya farka. Akwai na tseren mota, akwai na harbi, akwai doki mai rawa na ƙanana, akwai na jefa ƙwallo a raga. In yaro ya ci, injin ya tofo masa takardu a jere, ya tara ya kai kanta a ba shi alewa ko usur ko wani abin wasa.

Duk mai son wasa a wurin sai ya bi ta hannuna, kuma hannuna ba ya buɗewa ga kowa. Yaron da ya zo da hantsi, ya cusa rigar makaranta a jaka yana zaton ban ga wandon ba, ba na sayar masa. Wanda ya zo da sabuwar takardar kuɗi idonsa na rawa, sai na tambaye shi abin da aka aike shi saya. In an kira la'asar kuma, 'ya'yan Musulmi su kawo min kwabbansu in ɗaure a bakin zani, su je su yi salla, su dawo in mayar musu. Mai uku ya karɓi uku, mai biyar ya karɓi biyar. Kwabo kwabo ne, ba wanda ya taɓa cewa ba nasa aka ba shi ba. 'Ya'yan Kirista na san su, na san iyayensu, ba na taɓa nasu, sai dai in na ga yaro da safiyar Lahadi in tambaye shi ko an rufe cocinsu ne. Iyaye sun san da haka. Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa ce min saboda ni take iya barin 'ya'yanta ta tafi aiki.

Sai oga ya je Legas ya dawo da zancen kati.

Kwana uku aka rufe wurin. Wasu mutum biyu masu jakar kayan aiki suka toshe bakin kowane inji, suka liƙa masa ɗan akwati mai fitila shuɗiya. A bakin matakala suka kafa ƙofar ƙarfe mai hannu uku wadda ba ta juyawa mutum ya shiga sai ya nuna mata kati. Aka kawo kwamfuta, aka ɗauko wata budurwa mai dogon farce aka zaunar a gabanta. Rana ta uku suka tara ma'aikata suka yi musu bayani da Turanci. Ni aka ce in goge gilasai tunda ba ji zan yi ba, daga baya za a yi min nawa bayanin. Har yau ina jiran daga bayan nan.

Abin da idona ya gane min shi ne, katunan daga kwali ɗaya suka fito, duk rawaya, duk da hoton zaki yana dariya. Yaro ya biya wurin 'yar kwamfuta, ta danna-danna ta miƙa masa kati, ya ɗora a kan fitilar, injin ya yi ƙara ya tashi. Takardun da inji ke tofowa suka daina fitowa, wai yanzu maki ake tarawa. Sai na ɗauka katin mabuɗi ne kawai, wa ya biya me da wa ya ci me duk suna can wurin mai dogon farce, kamar yadda da suke a kaina. Ban tambaya ba. Mace mai jikoki goma sha ɗaya ba ta zuwa gaban sa'ar jikarta ta ce koya min.

Aka ɗauke teburina, aka ba ni kujerar roba a gefen ƙofar ƙarfen.

"Mama, kai dai ka sa ido," in ji oga. Haka Hausarsa take, mace da namiji duk kai ne.

"In sa ido in yi me? In na ga ɓarna da me zan tare ta?"

"Ka yi magana mana. Ai suna tsoronka."

Ashe rabin tsoron na kwabban ne. Yaro ya zo da wandon makaranta da hantsi, in ce koma, ya ce ai tun jiya ya biya, ya ɗora kati, ƙofa ta juya masa a gaban idona. Ƙarfe bai san Talata ba, bai san hantsi ba. Da can yaro yana jin aljihunsa na raguwa, in kwabo na ƙarshe ya faɗa ya san an tashi. Kati kuwa ba ya raguwa a hannu, sai ya yi ta ɗorawa har fitila ta yi ja, sannan ya tsaya yana kallon injin kamar an mare shi. Wani uba ya hau ya same ni da faɗa, wai ɗansa ya cinye kuɗin cefane ina zaune ina kallo. Na nuna masa ƙofar na ce ya yi da ita. Da la'asar kuma in kira su ce, "Yanzu, Kaka," yatsunsu ba su tsaya ba. Na kai ƙara wurin oga ba sau ɗaya ba. Ya ce ciniki ya ƙaru, kuma tun da aka sa kati ko sisi bai ɓata ba. Na ce a hannuna ma bai taɓa ɓata ba. Ya ce ya sani, ba da ni yake ba. Da wa yake, to? Mu biyu ne a ofishin.

A cikin yaran akwai wata yarinya siririya, ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, 'yar matar da ke suyar awara a bakin get ɗin shagunan. Daga Nasarawa Gwom suke zuwa. Ranar Asabar takan taya uwar yanka kabeji da ƙulla yaji, bayan azahar uwar ta ba ta kuɗin wasa biyu. Biyu tak. Ba ta kallon mota, ba ta kallon bindiga, injin ƙwallo kaɗai take zuwa. Ta cire takalmi, ta ɗaure hijabi ta baya, ta ciji leɓe, ta yi ta zuba ƙwallo a raga ba kuskure. Manyan yara maza ma tsayawa suke su kalle ta. Kuma ba ta taɓa kai makinta ta karɓi alewa ba. Can saman kantar kyaututtuka akwai wata jakar makaranta ja mai taya, irin wadda ake ja a ƙasa, ita take tara wa. Jakar ba ta sayarwa ba ce, sai da maki. Wata biyar tana tarawa.

In za ta fita takan tsaya wurina.

"Kaka, saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan. Jakar nan jikarki ce za ta ja ta."

"Allah kuwa. Anti mai kwamfuta ta ce Asabar biyu suka rage."

Ina yi mata tsiya, amma in wani yaro ya nuna jakar da yatsa sai in harare shi har ya sauke hannu.

Ranar da abin ya faru Asabar ce cikin dogon hutu, ana ruwa da ƙanƙara, kwanon rufin na ƙara kamar ana jifa. Wuri ya cika. Duk da haka na ji kiran la'asar, don masallacin a ƙasan benen yake, ko ɗigo ba zai taɓa mutum ba. Na kira su sau ɗaya, na kira sau biyu. A na uku wani yaro mai kumatu, ɗan masu hali da direba ke kawowa, ya kwaikwayi muryata ko juyowa bai yi ba: "Salla, salla, 'yan nema." Sauran suka kwashe da dariya.

Wata biyar ina haɗiyewa. Na tashi na bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu a buɗe, kamar da. Da suka ga fuskata ba wanda ya yi musu. Na zo kan yarinyar, ita ta riga ta ajiye ƙwallo tana neman takalminta, da ma ba a kiranta sau biyu. Amma na ce a raina in na tsallake ta za a ce na yi son kai.

"Kawo."

"Kaka, nawa fa..."

"Naki ya fi na wasu ne? Kawo."

"A'a, ina nufin akwai..."

"Ban tambaye ki abin da kike nufi ba."

Ta miƙo. Kati bakwai, na haɗa na ɗaure a bakin zani, na koma kujerata. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na kalli ƙofar ƙarfen na ce a raina, yau dai ni da ke an san babba.

Maza suka riga dawowa. Mai kumatun ne a gaba, direbansa na danna hon a ƙasa saboda ruwan ya tsagaita. Na kwance zani na zaro na sama na ba shi, ya sauka da gudu. Na bi sauran da ɗai-ɗai. Yarinyar ce ta ƙarshe, don mata a ɗakin ajiya suke salla, sai an jira sallaya. Ta karɓi katin da ya rage, ta juya bayansa, ta sake juyawa.

"Kaka, wannan ba nawa ba ne."

"Duk ba zaki ba ne a jiki?"

"Nawa na ɗiga masa jan farce a kusurwa."

Na kira sauran biyar. Nan da nan suka kaure da hayaniya, kowa na cewa nasa na hannun wancan, suka duba lambobin baya suka musanya a tsakaninsu. Babu mai ɗigo a ciki.

Har lokacin ban gane girman abin ba, sai da 'yar kwamfuta ta ɗora katin a na'urarta ta juyo da allon wajen yarinyar. Ni ban san lamba ba, fuskar yarinyar na kalla. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ɗaga kai ta dubi saman kanta, ta sauke.

"Mama, me kika yi?" in ji mai dogon farce. "Kuɗin da makin duk katin suke bi. Kowane kati da nasa."

"Ba ke kike riƙe da komai ba?"

"Ni lamba nake gani, ba na ganin yaro. Wanda ke riƙe da kati shi ne mai kati."

"To ki tsayar da wancan, ki dawo mata da kayanta cikin wannan."

"Da an yi masa rajista da lambar waya da zan iya. Ba a yi ba."

Rajista sai uwa ko uba ya hau ya ba da lamba, uwar kuwa ba ta iya barin kasko a wuta.

"Kuma duk cikinku ba wanda ya gaya min?"

"Ai ba ki tambaya ba, Mama."

Da 'yar cikina ce da ta ji a jikinta. Amma gaskiya ta faɗa.

Na ce wa yarinyar ta kwantar da hankalinta, na san yaron, na san motar, katinta zai dawo. Lahadi na wuni ido a matakala, bai zo ba. Litinin ranar hutuna na shirya na nufi Rayfield. Direban ya taɓa gaya min, muna gaisawa a bakin get, cewa gidan ogansa yana bayan tafkin nan na tsohon ramin kuza. Na sauka daga keke na bi layi-layi. A Gangare in kina neman gida, mutum na farko da kika tare zai kai ki har tsakar gidan. Can kuwa katanga ce da itatuwa da karnuka, ba kowa a waje sai masu gadi, kowanne ya kalle ni daga silifas har ɗankwali ya ce ba a neman mai aiki. Sai wajen azahar na hango motar, mai ruwan toka, direban na wanke ta.

Matar gidan ta fito da waya a kunne. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta gaishe ni da ladabi, ta sa aka kawo min kujera da ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ayya Mama, saboda kati kika taso tun daga Gangare?"

Ta kira yaron. Ya fito da bindigar ruwa a hannu, tabarau na roba a goshi, usur a wuya. Tun bai buɗe baki ba na gane. Irin kayan kantarmu ne, ni nake goge su kullum.

Na san oga yana da wani reshe a hanyar Bukuru. Abin da ban sani ba shi ne katin nan yana ci a can ma. Jiya Lahadi aka kai yaron can da 'yan uwansa, ya ɗora kati ya ga maki tuli, suka kwashi abin da suka ga dama har da alewar da ba su iya shanyewa ba.

"Ba ka san ba naka ba ne?" na tambaye shi.

"Ke kika ba ni."

Uwar ta daka masa tsawa. Ta buɗe jaka ta ce nawa ne abin ta biya. Na ce ba a sayar da maki. Ta cusa min kuɗi a hannu wai na keke ne, na ajiye mata a kan kujera. Katin kawai na karɓa. Ɗigon yana nan a kusurwa, ja, bai fi ƙwayar dawa ba. Ya zauna a tafin hannuna ranar Asabar ban gan shi ba.

Talata da safe na shiga ofishin oga ban jira ya ce in zauna ba.

"Oga, laifina ne, ba na yarinyar ba. Ka sa a mayar mata da makinta."

"Mama, kayan sun riga sun fita daga kanta. Sistem ya rubuta."

"Kai ka sayo sistem ɗin ko shi ya sayo ka?"

Ya yi dariya, sannan ya daina. "In na yi wa ɗaya, gobe yara ashirin za su zo min da labari. Zan sa masa wasa uku kyauta."

"To sayar min da jakar."

"Ba na sayarwa ba ne, Mama, ka sani. In na sauke ta ba maki, mutanen Legas za su kira ni." Ya karɓi katin a hannuna ya miƙa wa mai dogon farce ta sa wasan ta mayar min, ya juyo. "Kuma don Allah, daga yau kada ka sake karɓar katin kowa. Uwar yaron nan ta kira ni."

Na ce ashe akwai kiran da yake ji.

Ban haƙura ba. Na koma masa sau biyu a satin, na tare matarsa ranar da ta zo, na roƙi mai dogon farce ita da na rantse ba zan roƙa ba. Kowa ya ce ayya, kowa ya nuna kwamfuta. Sati uku bayan haka wani mutum ya kawo 'ya'yansa bikin ranar haihuwa, ya cika musu kati, suka wuni suna wasa, da yamma aka sauko musu da jakar. A gabana aka ja ta, tayoyin na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya. Get ɗin shagunan ɗaya ne. Ta gaban kaskon awara suka wuce, kuma Asabar ce.

Ƙarshen wata na shiga kasuwar Terminus na yi ta zagaye har na sami mai kama da ita, ja, mai taya, sai dai hoton jikinta daban. Na kai wa uwar. Ta yi ta godiya, ta ce da ban wahalar da kaina ba, ai abin yara ne. Ta kira yarinyar. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Kaka," ta karɓa da hannu biyu, ta jingina jakar da bango ta koma kan kabejinta.

Na tsaya. A gidanmu babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya ɗora masa tsoka mafi girma a kan tuwo a wuce wurin. Na ɗora tsokar, na ga ba a wuce ba.

"Ke 'yar nan," na ce. "Ranar nan kin so ki gaya min, na hana ki. Ki yafe min."

"Haba Mama," in ji uwar tana juya awara.

Yarinyar ta ce ba komai, idonta na kan wuƙa.

"Ga katinki. Oga ya sa miki wasa uku."

"Ki bar shi a wurinki, Kaka."

"An hana ni riƙe katin kowa."

"To ki ba wani."

Har yanzu tana zuwa ranar Asabar tana taya uwarta. Tana gaishe ni in zan hau, tana gaishe ni in na sauko, ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba. Jakar da na sayo ƙanwarta ke ja zuwa makaranta, haka uwar ta gaya min. Ita kuwa ba ta sake hawa benen ba.